Ƙwayar da Mero Take Niƙawa a Kunu

Mero maƙwabciyata ce a Kurgu, katangar zana kaɗai ta raba mu. Ƙaramar mace ce marar hayaniya, sana'arta bandar kifi, har gyalenta warin hayaƙi yake yi. Mijinta Arzika masunci ne, kuma wallahi ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba.

Bayan an ƙaddamar da shari'a da shekara biyu, wasu malaman asibiti suka zo garinmu awo, suka ce jinin Arzika ya hau ƙwarai. Ya yaga takardar maganin da suka rubuta masa a gabansu, wai shi ba ya haɗiyar ƙwaya. Alhali shanyewar ɓarin jiki ce ta kashe ubansa, kuma Mero ce ta yi jinyar tsohon. Ta tsince guntayen takardar, ta kawo mini.

Ni ina kai kifi kasuwa tsallaken iyaka, ɓangaren Benin. Na nuna wa mai kantin magani guntayen, ya ba ni kwali mai rubutun Faransanci. Tun daga ranar, kowace safiya Mero takan niƙa ƙwaya ɗaya da bayan cokali ta zuba masa a kunun tsamiya, don tsamin ya ɓoye ɗacin. Shekara uku muna haka. Kun dai san sunan da ake ba macen da aka kama tana barbaɗe a abincin miji, shi ya sa muka yi gum.

Ranar wata Laraba ƙaba ta murɗe wa Arzika yana jan tarun kamun kifi. Aka kwashe shi zuwa wani ɗan asibiti a Bagudo, likita ya ce sai an yi aiki nan take. Ma'aikacin da ke sa barci kafin aiki, wani dogo da ake kira Malam Bunyaminu, ya tsaya a kansa gaban ƙannensa.

"Baba, kana shan wani magani?"

"Ko ɗaya," in ji Arzika, har da rantsuwa. Kuma gaskiyarsa ya faɗa.

Na dubi Mero, ta sunkuyar da kai. Aka tura shi ciki.

Azahar ce tsaka, amma barandar nan sanyi take kamar gindin randa. Muna jin na'urar da ke ƙirga bugun zuciya ta bayan ƙofa, ɗil, ɗil, ɗil. Sai tazarar ta soma faɗi. Tsakanin wani ɗil da wani har mutum ya ja numfashi ya sauke. Ba wanda ya yi tari. Wata akuya da ke kuka a waje ma ta yi shiru. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Malam Bunyaminu ya leƙo, zufa ta jiƙa masa hula.

"Iskar barcin da na ba shi daidai girman jikinsa ce, amma ta yi masa yawa. Jininsa ya faɗi warwas. Akwai abin da ke jikinsa da ban sani ba. In wani ya sani, ya faɗa yanzu, don in san da me zan tashe shi."

Ni, Rakiya mai baki, wadda ba a kayar da ni a ciniki, na zauna kamar dutse. Mero ce ta miƙe. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da kwalin.

"Wanga nake sa mishi a kunu."

Zakari, ƙanen Arzika, ya yi tsalle. "Mi kika ce? A kunu? La'ilaha illallahu! Sai mun je gaban alƙali!"

Malam Bunyaminu ko kallonsa bai yi ba. Ya karanta kwalin, ya ce maganin hawan jini ne, irin wanda ke hana sinadarin kalsiyam shiga jijiyoyi don su saki. Mai shan sa iska kaɗan ke isar sa, in aka ba shi cikakkiya sai su haɗu su danne zuciya. Ya koma ciki da gudu yana kiran sunan wata allura.

Zakari ya matso. "Wa ya ba ki?"

Mero ta dube ni sau ɗaya, ta kau da ido. "Ni kaɗai ce."

Har yau kunyar wannan kallon ba ta sake ni ba.

Na'urar ta dawo da saurinta a hankali. Sai bayan la'asar Arzika ya buɗe ido. Ba wanda ya riga ya gaya masa komai, ina tsaye a wurin. Ya ce ya ga kansa cikin jirgi tsakiyar kogin Kwara, rana a kai amma ba inuwa, ruwan kuma ba ya motsi, ba ya ƙara. Abu ɗaya yake ji daga gaɓa, ƙuruƙ-ƙuruƙ, ana murza wani abu da cokali. Sannan ya juyo ya kafa wa Mero ido, ya daɗe bai ƙifta ba.

Ba a je gaban alƙali ba, don Malam Bunyaminu ya tara ƙannen Arzika ya ce ba don ƙwayar nan ba da wataƙila sun daɗe da rufe ɗan'uwansu. Suka ce sun ji. To, ji dai! Arzika ya koma gida ya soma haɗiyar maganin da hannunsa, kullum, ba fashi. Amma bai sake sa loma ɗaya daga hannun Mero a baki ba. In ta ajiye kwano sai ya zauna yana kallonsa har ya huce. Wata bakwai ta jure, sannan ta ɗaure kayanta ta koma wurin wanta a Bahindi, can take bandarta.

Arzika yana nan da ƙarfinsa, har yanzu yana jan taru. Bara ya aurar da autarsu Sakinatu. Mero ta zo bikin da sabon zane, ta nufi inda ake girki tana naɗe hannun riga. Wata cikin dangin Arzika ta tare ta da fara'a, ta shimfiɗa mata tabarma can nesa da tukwane, ta ce ta zauna ta huta.