Tasar Gudiya da Ruwan Lemun Maiwada

A Katanga, idan aka ce Gudiya, sai wanda bai san gari ba zai tambayi wace. Gajeriyar mace ce mai saurin kafa da saurin baki, kuma ba ta da dukiyar da ta wuce itacen lemun tsami guda ɗaya a bayan ɗakinta, kusa da rijiya. Mijinta Maiwada ne ya dasa shi shekarar da aka kawo ta, ya yi ta ba shi ruwa da guga har ya kama ƙasa. Da zai rasu bai bar mata wasiyyar gona ko ta dabba ba, don babu su. Abin da ya ce kawai, duk azumi a kai ruwan lemun nan zauren Malam Kalilu, a sha ruwa da shi, ladan ya same shi a kabari.

Gudiya ta riƙe wannan da hannu biyu. Ta kuwa iya haɗa shi, wannan ko maƙiyinta ba ya musu. Takan tsinko lemun da sanyin safiya, ta ajiye a inuwa. Sai bayan azahar ta zauna ta murza kowane ɗaya a tafin hannu har ya yi laushi, ta yanka, ta matse a tsumma mai tsabta don kada ƙwaya ta faɗa ta kawo ɗaci. Ta dama zuma, ta daka citta da ɗan kanumfari, ta juye duka a tulu, ta binne gindin tulun cikin jiƙaƙƙen yashi. Kafin rana ta faɗi ya yi sanyi kamar an ɗebo shi da asuba. Abin da take taƙama da shi kuwa, har ta ishi mata da faɗa, shi ne hannunta ba ya bukatar harshe. Mai azumi ba ya ɗanɗano, ita ko ba ta taɓa kuskure tsami ko zaƙi ba.

A shekarun nan Nasara bai daɗe da zama ƙasar ba, kuma azumi ya faɗo tsakiyar bazara, zafin da ko kaji sai sun buɗe baki. Ɗanta Alu yana cikin masu ɗaukar wa Bature kaya idan ya fita rangadi. Ya dawo da wuya a kumbure, amma da 'yan sulalla a lalita, ya biya kasuwar Jega ya sayo wa uwarsa tasar tagulla, ƙatuwa, mai zane a baki. Gudiya ba ta taɓa mallakar abin da ke ƙyalli ba. Ta goge ta da toka, ta sake gogewa, ta duba fuskarta a ciki, ta ga ashe har yanzu da sauranta.

Sai ga labari cewa Malam zai yi baƙi, malamai daga Aliero da Maiyama, za su sha ruwa a zaurensa. Nan fa zuciya ta raya wa Gudiya abin da ta raya mata. Ta dubi tulunta, baƙi, mai tsagaggen baki, ta ji kunyarsa. Ta tura shi bayan rumbu.

Ranar ba ta jira azahar ba. Tun hantsi ta matse lemun ta zuba a tasa, ta ajiye a ƙofar ɗaki inda duk mai shigowa aron wuta ko ɗibar ruwa sai idonta ya faɗa kai. Mata suka yi ta shigowa kuwa, wasu ma ba wutar suke so ba. Da la'asar ta ɗaga faifai ta ga wani kore-kore ya zagaye tasar daga ciki, ruwan ma ya ɗan sauya. Ta yi murmushi, ta ce lemun bana ne ya yi ƙarfi har launinsa ya fito. Da ba azumi take ba, da kurɓa ɗaya ta gaya mata gaskiya.

Ta ɗora tasar a ka, ta bi doguwar hanya ta bakin kasuwa, alhali ga ta kusa. Ta miƙa wa Dije, matar Malam, ta dawo gida tana jin kanta a sama. Ita da ruwan randa ta buɗe baki, don ba ta taɓa rage ko ludayi ɗaya daga sadakar Maiwada ba.

Ba a idar da sallar isha'i ba labari ya iso. Malam da baƙinsa duk suna bayan gida, mai amai na yi, mai riƙe ciki na yi. Wani tsoho daga Maiyama sai da aka tallabe shi. Gudiya ta ruga ba ko mayafi. A tsakar gida ta tarar da Dije riƙe da tasar, tana karkata ta a hasken fitila, koren nan ya kama ta kamar gansakuka.

Gudiya ta ce, "Yaya Dije, mi ya hwaru? Ba su ji ɗaci ba? Don mi sunka sha?"

Dije ta dube ta, ba da faɗa ba, wanda da faɗan ne da ya fi sauƙi. Ta ce, "Malam ya ji tun kurɓar hwarko. Ya ce ƙarhe-ƙarhe shi kai. Amma ga baƙi zaune, an riga an hwaɗa musu sadakar Maiwada ta, ke ko kin ɗauko da kanki. In ya aje ƙoƙo, ya aje ki gaban mutane. Sai ya shanye. Su ko sun ga mai gida ya sha ya yi hamdala, wa za ya tuɗe nashi?"

Gudiya ta karɓi tasar ta juya gida. Ba ciwon cikin ne ya fi ƙona ta ba, a'a, sanin cewa dattawa sun haɗiye abu mai ɗaci da gangan don su rufa mata asiri, ita kuwa duk abin da ta yi ranar don a gan ta ne.

Baƙi suka warware suka koma garuruwansu. Malam Kalilu, da yake tsoho ne, ya kwanta, azumi ya kuɓuce masa na kwanaki. Ba wanda ya zage ta a gari, sai dai idan ta doso rijiya hira ta mutu. Ta kife tasar a ƙarƙashin gado. Sauran watan ba ta aika komai zaure ba, lemun ya yi ta nuna yana zuba ƙasa, awaki na shinshinawa suna wucewa. Duk faɗuwar rana sai ta tuna Maiwada kwance yana jiran abin da ba ya zuwa, ta rasa inda za ta sa kanta. Ranar Salla ma a ɗaki ta wuni.

Bayan Salla, ana tsakiyar cin abinci da rana a kowane gida, zafi bai ragu ba, sai ga sallamar Dije. Ta shigo da ƙoƙon Malam a hannu, wanda aka ɗinke tsagarsa da zare. Ta ajiye a gaban Gudiya.

"Malam na ramuwa yau. Ya ce in hwaɗa miki, azumin da ya sha don ruwanki, da ruwanki za shi buɗe baki. Ya ce kuma Maiwada bai yi laihin komi ba da za a yanke mai sadaka."

Gudiya ba ta iya ɗaga kai ba. Tsoho na can da busasshen maƙogwaro cikin wannan rana, shi kaɗai a gari, saboda ita. Ta tashi ta zagaya bayan rumbu, ta jawo tulun, ta kakkaɓe masa yanar gizo, ta wanke. Ta zauna tana murza lemu a tafin hannu, hawaye na sauka, tana kau da fuska don kada su ɗiga a ciki.

Ta yi shekaru da yawa bayan nan tana aika ruwan lemu zaure, har bayan Malam ya rasu. Amma ba ta ƙara ɗauka da kanta ta bakin kasuwa ba, ba a kuma ƙara jin ta yabi hannunta ba. Idan wata ta ce, "Inna Gudiya, ruwan ga naki babu irinai," sai ta sunkuyar da kai ta shiga neman abin da bai ɓata ba.