Kirsimetin Milunka a Watan Yuli

Shekara arba'in da ɗaya muna maƙwabtaka da Milunka, shingen katako ne kawai tsakaninmu, amma ban taɓa ganin ta rikice ba sai ranar da mutanen mujalla suka zo daga Belgrade su yi mata Kirsimeti a tsakiyar watan Yuli.

Milunka mace ce mai tsari. Shekara talatin ta yi tana gasa wa 'yan makarantar ƙauyenmu burodi, ba ta taɓa makara ba. A wurinta kowane abu da ranarsa, har cusa kabeji a ganga da wankin barguna. Česnica kuwa, burodin Kirsimeti, sau ɗaya ake yin sa a shekara, safiyar bakwai ga Janairu, ranar da cocinmu ke yin Kirsimeti, bayan azumin kwana arba'in. A kwaɓa shi da ruwan da aka ɗebo da sassafe, a tura tsabar azurfa a ciki. Ba a sa masa wuƙa. Mutanen gida ne za su kewaye shi, kowa ya kama, a juya sau uku, a karya. Wanda tsabar ta faɗo a rabonsa, sa'ar shekarar tasa ce.

Sai dai Milunka ba ta da mutanen gida. Mijinta Stanimir ya rasu shekara shida ke nan. Ranar da aka binne shi, ɗansu tilo, Obrad, ya ce ta tattara ta bi shi Jamus. Ta ce ba za ta bar kabari da gida ba. Ya ce to shi ma ba zai ƙara taka ƙauyen ba sai ta sauko. Taurin kan nan a nono ya sha shi. Tun daga lokacin sai waya sau biyu a shekara, "Lafiya?" "Lafiya." Ni nake tsallakawa duk Kirsimeti in tsaya a gurbin Stanimir, mu karya burodin mu biyu kamar marayu. Ba ta taɓa cewa tana kewar yaron ba, amma duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ta ɗaga labule.

Matar limamin cocinmu ce ta ba mujallar sunanta. Su uku suka zo: Tijana, wata siririyar yarinya mai shirya abinci don hoto, da Gavra mai ɗaukar hoton, da direbansu Ratko, wani ƙato mai furfura wanda bai damu da komai ba sai inuwa.

"Kaka, burodi huɗu muke so," in ji Tijana.

"Gida nawa za a kai wa?"

"Duk na nan ne. Ko da ɗaya bai yi kyau ba."

Milunka ta juyo ta dube ni. "Desa, kin ji? Gida ɗaya, česnica huɗu. To wanne ne na gaske?"

"Duk ba na gaske ba ne, Kaka. Hoto ne kawai."

"Da garin ƙarya zan kwaɓa?"

Ta gasa huɗun, tana yi tana mita. Ta zaɓi ɗaya ta tura tsabar da ta gada daga uwar mijinta, ba wanda ya sa ta. Na ce mata, "Ke, wasa fa suke yi." Ta ce ita hannunta bai iya yin česnica babu tsaba ba.

Kafin tsakar rana sun juya mata gida. Suka toshe tagogi da barguna wai hasken Yuli bai yi kama da na hunturu ba, suka kunna fitilunsu. Suka hura murhu, ana wannan zafin da ko kaji sun buɗe baki. Suka baza ganyen roba a tebur. Tijana ta ɗauko ɗan buroshi tana shafa wa burodin mai don ya yi ƙyalli, ta ja baya, ta karkata kai, ta matsar da gyaɗar bishiya guda ɗaya tak, ta mayar da ita inda take. Da ta ɗaga rariya za ta barbaɗa sukari, Milunka ta riƙe mata hannu.

"Me wannan?"

"Ƙanƙara ce, Kaka."

"A cikin ɗaki? Rufin gidana ba ya yoyo, 'yar nan."

Can ta ja ni gefe, fuskarta duk gumi. "Desa, in an kunna kyandir, in ce 'An haifi Almasihu' ko kada in ce? In na faɗa na yi ƙarya, ban ma yi azumi ba. In ban faɗa ba, ga burodi, ga kyandir." Wallahi ni ma ban sani ba. Muka shirya a kan ta faɗa a ranta.

Sai Tijana ta zaro wuƙa. Ihun da Milunka ta yi, Gavra sai da ya kusa yar da kyamara. Aka yi ta bayani har yarinyar ta gane cewa da hannu ake karyawa. Maimakon ta ji haushi, sai idonta ya kawo haske.

"Ai wannan ya fi! Hannuwan iyali a kan burodi. Kaka, ina iyalin?"

Na ji kamar in shaƙe yarinyar nan, alhali ba laifinta ba ne.

"Ga Desa," in ji Milunka.

"Da ke, da ita, da ni. Saura hannun namiji, maigida. Ratko! Taso daga inuwar nan."

Ratko ya shigo da 'yar riga mai gajeren hannu, yana hamma. Tijana ta ce ba a Kirsimeti da irin wannan, ko akwai rigar sanyi ta maza? Na buɗe baki zan ce babu, sai na ga Milunka ta shige ɗaki. Ta fito da rigar Stanimir, toka-toka, mai jan zare a bakin hannu, wadda ta saƙa masa da kanta. Shekara shida ko ni ba ta bari in taɓa ta ba.

"Kin san abin da kike yi kuwa?" na raɗa mata.

"Tun safe ban san abin da nake yi ba," in ji ta.

Muka kama burodin mu huɗu, muka juya sau uku, muka karya. Tsabar ta faɗo a rabon Ratko, tana ƙyalli daidai bakin jan zaren. Gavra ya ce kada kowa ya motsa, ya yi ta ɗauka. Ratko ya tambaya ko yanzu zai iya ci, Tijana ta ce a'a, an shafa masa abin da ba a ci. Milunka ta karɓe tsabarta ta goge. Bayan sun tafi ta wuni tana tambayata: sa'ar ta bi direba Belgrade ke nan? Ta wace shekara ce ma, wadda muke ciki ko mai zuwa? In ta yi wani a Janairu, na biyu ne ko na biyar?

Mujallar ta fito farkon Disamba. Shafi guda cif, hannuwa takwas, ba fuska ko ɗaya. A ƙasa an rubuta, "Iyalin Kaka Milunka a safiyar Kirsimeti." Mata a coci suka yi ta yi mata barka wai Obrad ya zo ba labari. Ba ta gyara wa kowa ba. Ta sayi biyu, ta nannaɗe ɗaya, ta ba direban bas ɗin da ke zuwa Stuttgart, garin da Obrad yake a Jamus. Ko wasiƙa ba ta sa ba.

Ina gidanta lokacin da wayar ta shigo bayan kwana huɗu. Muryar Obrad har inda nake zaune.

"Mama, wane ƙato ne a cikin rigar Baba?"

"Wani bawan Allah ne."

"Wane bawan Allah? Har da tsabar Kaka a hannunsa! A watan nawa ma aka yi wannan abin?"

"Ni ma abin ya ɗaure mini kai. An ce ana son hannun maigida, shi ne wanda ke kusa."

"Kada ki ƙara ba kowa rigar nan!"

"To wa zai saka?"

Sai ya kashe wayar. Har yau ban sani ba ko da gangan ta ɗauko rigar nan ranar, ko rikicewa ce. Na tambaye ta, ta ce in bar ta da ciwon kai.

Safiyar bakwai ga Janairu na tsallaka kamar kullum, ƙanƙara ta gaske har gwiwa. Na tura ƙofa, na nufi gurbina a kan tebur. Sai na tarar da mutum a tsaye a wurin, rigar toka-toka ta matse masa kafaɗa, hannunta bai kai masa wuyan hannu ba. Milunka ba ta ko ɗago ba, tana ta gyara kyandir.

"Desa, matsa can," in ji ta. "Wurin nan da mai shi."

Na matsa. Tsufa ya sa ni saurin hawaye, sai da Obrad ya ce, "Inna Desa, kama mana, burodin zai huce."