Baƙin ekran da Isufu ya bari

Shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar ƙanena Isufu, kuma har yau ban yafe wa Kawu Maman abin da ya faɗa ranar sadakar uku ba.

Shekarar da damina ta ƙi ce, soja na mulki. Isufu mai ɗaukar hoto ne a kasuwar Wadata. Ya je ƙauyenmu wajen Tawa, ya ɗauko hoton Inna zaune bakin rumbun da babu ko zangarniya. Ba ta ga wata damina ba, ta rasu. Hotonta ke nan guda a duniya, yana cikin ordinatar ɗinsa, wato kwamfuta.

Sai ya sa wa injin sabon katin nuna hoto. Ya ce mini, "Yaya, katin nan kurma ne, sai da pilot ɗinsa, wato manhajar da ke tuƙa shi, yake magana da ekran, allon injin. Kamfanin ya kulle abinsa, ba mai buɗewa ya gyara, yadda suka ba ka haka za ka sa." Ya cire tsohon pilot, ekran ya yi baƙi, ya hau moto zuwa siber, shagon intanet, ya kwafo sabon a kile, ɗan abin adana bayanai da ake sokawa a jikin injin. A hanyar dawowa kamiyo, babbar motar kaya, ya banke shi.

Masu wankan gawa suka miƙo mini kilen daga aljihunsa. Ko kuka na kasa.

Ranar uku Kawu ya kunna injin gaban mutane, ya ga duhu, ya ce, "Ya bi mai shi. Gobe a kai wa masu sayen ƙarfe." Kowa ya gyaɗa kai. Na ce, "Kawu, ƙanwarka ce a ciki, ita za ka sayar a kilo?" Ya ce, "Hajo, ke da kika shiga lakkwal koyon boko da furfura, me kika sani?"

Yau kowa na goge hoton uwarsa daga waya da yatsa ɗaya don wuri ya cika. Da Isufu ya ga wannan, da ya riƙe baki. Shi mutum ne da ko fitila ya gyara sai ya rubuta yadda ya yi a littafinsa, da manyan baƙaƙe, don ya san idona bai saba da ƙanana ba. Abin da ya bar mini ke nan, ya fi gado.

Washegarin sadakar ukun, kafin mai amalanke ya iso, na kinkimi injin zuwa ɗakina na sa sakata. Na buɗe littafinsa a shafin ƙarshe, inda ya rubuta yadda ake sa sabon pilot ko ekran na baƙi, na soka kilen, na fara danna baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya.