Askar Malam Sha'aibu Ba Ta Hau Jirgi Ba

Duk wanda aka haifa a Dauran kafin ɓarayin daji su watsa mutane, in ya shafa kansa, to hannun Malam Sha'aibu wanzami ya riga nasa zuwa wurin. Ni ma shi ya yi mini askin suna, shi ya cire mini belu, shi ya yi mini kaciya, kuma har yau in na yi masa musu cikin jama'a sai ya ce in bi a hankali, ya san ni tun ba ni da wando. Sunana Sagir. Ina da ɗan shago a Kaura Namoda inda nake buga takardu da yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa a kwamfuta. Na faɗi haka ne don a san ba ji na yi ba. Abin da aka yi wa tsohon nan a gabana aka yi shi, kuma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wanzanci gado ne a gidansu. Tun yana saurayi yake rataya zabirarsa, jakar fatar nan da ke ɗauke da asake da ƙaho, ya hau keke ya zaga Zurmi ranar kasuwa, ya gangara Gurbin Bore, ya shiga rugagen Fulani inda ake sallamarsa da ƙwaryar nono ko damin gero. Da hanya ta lalace, noma ya gagara, matarsa kuma ta rasu, sai ya dawo Kaura kusa da 'yarsa Gimbiya da ke aure a nan. Ya samu inuwar wata darbejiya kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ya shimfiɗa buzunsa. Samarin Kaura injin aski suka sani, don haka tsofaffi kaɗai ke zama gabansa. Bai taɓa yin ƙorafi ba, sai dai ya ce injin yana yanke gashi amma ba ya gaishe da mai kai.

Abu ɗaya ne kowa ya san shi da shi bayan aska: kunyar ɗan fari. Jabiru ne ɗansa na fari, kuma tun ranar da ya aske shi yana jinjiri bai sake kama sunansa da baki ba. Ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya yi masa wasa, ba ya yabonsa a gaban kowa. In dole ta kama sai ya ce "yaron ga". Ya kan tsokani angwayen ƙarni a wurin suna har su rasa inda za su sa kansu, amma ka ambaci Jabiru a majalisa ka ga ya miƙe wai ya tuna bai yi alwala ba. Ai dama wanzami ba ya son jarfa. Wanda bai san al'adarmu ba sai ya ce ƙiyayya ce. Mu da muka sani mun san cewa lokacin da Jabiru ya samu aiki a Legas, tsohon nan ya yi mako bai ci abincin kirki ba, kuma bai ce wa kowa komai ba.

Sai ga shi matar Jabiru ta haifi namiji. Saƙon ta hannun Gimbiya ya zo, don uba da ɗan ba sa kiran juna a waya: Jabiru ya yanki tikitin jirgin sama daga Sakkwato zuwa Legas, yana so Baba ya zo ya yi wa jikansa askin suna da hannunsa. Jika ba a jin kunyarsa. Da jika ake wasa, a rungume shi, a kira shi da suna a tsakar gida. Duk abin da tsohon nan ya haɗiye shekara da shekaru, ga ƙofar fitarsa ta buɗe. Na gan shi ranar yana wasa wata aska da ban taɓa gani ba, mai ƙota ta ƙahon rago.

"Wagga ta ubana ce," in ji shi. "Da ita anka aske ni, da ita na aske yaron ga. Saura abokina."

Kamfanin jirgin ya turo saƙo cewa kowane fasinja ya shiga shafinsu na intanet ya tabbatar da kujerarsa kafin ya zo, abin da suke kira cekin. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun da suka buɗe damar, jajibirin tashi, Malam Sha'aibu ya zo shagona da wayarsa. Shafin ya buɗe sumul. Ga hoton wata mata tana murmushi, ga tallar otal, ga sunan tsoho, ga hoton kujeru. Na zaɓa masa ta gefen taga. Saura maɓalli ɗaya a ƙasa, wanda za a danna a gama. Na danna, shiru. Na sake dannawa, sai wani rubutu ya fito wai burauzarmu, wato manhajar da ake buɗe shafi da ita, ba irin wadda suke aiki da ita ba ce, mu sauya.

Na gwada tawa wayar, haka. Na koma kan kwamfutar shagona, wadda na yi wa ɗalibai ba iyaka rajista da ita, sai maɓallin ma ya ɓace gaba ɗaya, shafin ya yanke daidai inda ake bukatarsa. Na ce bari in sauke sabuwar burauzar da suke so, kwamfutar ta ce ta tsufa, ba za ta ɗauka ba. Na sa a waya, sabis ɗin Kaura ya ja ta kamar jaki da kayan gishiri, ta kai rabi ta tsaya. Na rufe shago muka zaga wurin abokan sana'ata, kowa ya gwada ya girgiza kai.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da gangan na shiga ɓangaren sayen sabon tikiti da wannan tsohuwar wayar, in ga ko nan ma zai ƙi. Ina! Har wurin biya ya kai ni ba ko tuntuɓe. Wato wajen karɓa, wayar talaka lafiyarta ƙalau. Wajen ba shi kujerar da ya riga ya mallaka ne ta zama tsohuwa. Su waɗanda suka gina shafin nan suna zaune cikin sanyin ofis da manyan kwamfutoci, a zatonsu duk duniya irin tasu ake riƙewa. Ba wanda ya tambayi kansa da wace waya mutumin Zurmi ko Shinkafi zai shiga.

Na ce, "Baba, mu kira Jabiru shi yi muna daga can. Kwamfutarshi sabuwa ce."

Ya dube ni kamar na zage shi. "In kira shi in ce mi? In ce na kasa? Shina can da mai jego da baƙi, ya yi abin da ya yi, sannan in ɗora mishi nawa? Bar yaron ga, Sagir. Kuma kak ka hwaɗa ma Gimbiya."

Ban ja da shi ba, don akwai lambar kamfanin a jikin saƙon. Na kira, aka bar ni ina sauraron kiɗa har katina ya kusa ƙarewa, sannan wata murya mai zaƙi ta ce in sauya burauza. Na ce na sauya duk wadda ke Kaura. Ta ce to ba damuwa, Baba ya zo filin jirgi da wuri, za a yi masa a kanta, wato teburin karɓar fasinja. Na maimaita wa tsoho. Ya ce, "To ka gani? Mutum da mutum ya hi." Da wannan maganar tata muka kama hanya.

Ni na raka shi. Hanyar Shinkafi ta fi kusa amma ba mai hankalin da zai bi ta da tsoho, sai muka zaga ta Gusau da Mafara. Ya sa farar rigarsa ta salla, ya naɗe zabira cikin zane a tsakiyar jaka, don na gaya masa ba a shiga jirgi da aska a hannu. A mota ya yi ta tambayata ko gaskiya ne ana ganin gonaki daga sama, ko zai iya gane Dauran.

Mun isa tun ba a buɗe kanta ba, mu ne a gaban layi. Yarinyar da ke wurin ta karɓi katin shaidarsa, ta taɓa kwamfuta, ta ɗago kai.

"Baba, ba ku yi cekin ba."

Na ce, "Shahinku ya ƙi. Mun kira, kun ce mu taho nan."

Ta ce mu koma gefe tukuna. Muka tsaya muna kallon mutane na miƙa waya ana ba su takarda suna wucewa. Da layi ya ƙare, wani babbansu mai ɗamarar wuya ya fito ya ce jirgi ya cika. Sun sayar da tikiti fiye da kujeru, kuma dokarsu ita ce wanda ya tabbatar ta intanet shi ke da kujera. Na ce laifin wa? Ya ce shafinsu na aiki, shi da kansa ya buɗe shi da safe. Na miƙa masa wayar tsoho na ce bismilla, danna. Bai karɓa ba. Ya ce za su mayar da Baba jirgin jibi ba tare da ƙarin komai ba, yana faɗa kamar wanda ya yi mana kyauta. Suna kuwa gobe ne da hantsi.

Na ɗaga murya, ban ɓoye ba, har masu tsaro suka matso. Malam Sha'aibu ya kama hannuna ya ce ya isa. Sannan ya zaro wayarsa ya miƙo mini yana kallon ƙasa. "Kira shi."

Gimbiya ce ta ajiye masa lambar, kuma ko a wayar ba sunan. "Yaro" kawai aka rubuta. Jabiru ya ɗauka, na yi masa bayani, na ji yana buɗe kwamfutarsa. Shafin ya buɗe masa har da maɓallin, sai dai an riga an rufe cekin. Ya ce, "Sagir, don Allah mi ya hana ku kira ni jiya?" Shi da kansa ya san amsar.

Za a ce kunya ce ta jawo. Ni ban yarda ba. Tsohon nan ya zo da tikitinsa, ya zo da wuri, ya yi abin da bakinsu ya ce ya yi. Ba a kansa aka fara kunyar ɗan fari ba, kuma ba a rubuta a jikin tikitin cewa sai mai ɗa a Legas zai samu kujera ba.

Muka sauka gidan wani ɗan Dauran a Sakkwato. Mota ba za ta kai shi Legas kafin suna ba, kuma ba a ɗaga suna. Washegari da hantsi Jabiru ya yi kiran bidiyo. Wayar nan da kamfani ya ce ba ta isa ba, ita ta nuna mana komai tar: rumfa, rago, mutane cike da tsakar gida. Liman ya yi addu'a, aka ce sunan yaro Sha'aibu, za a riƙa kiransa Abbati. Tsoho ya sunkuyar da kai.

Sai aka kawo jinjirin, Jabiru ya zauna ya ɗora shi a cinya. Wani wanzami da aka samo a unguwar Hausawa ya tsuguna da reza sabuwa cikin takarda. Ba laifinsa, aikinsa yake. Malam Sha'aibu ya riƙe wayar da hannu biyu, askar ubansa na kan gwiwarsa, ban ma san lokacin da ya zaro ta daga zabira ba. Rezar ta nufi tsakar kai, wurin maɗiga, inda ƙashin jariri bai haɗe ba. Yaro ya motsa.

"Jabiru!" in ji tsoho, da ƙarfi. "Tallabe mishi kai da kyau, Jabiru."

Jabiru ya ɗago ya kalli wayar, ya ce, "To, Baba." Ya gyara hannunsa ƙarƙashin ƙeyar yaron.

Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba sai ranar, kuma ta cikin waya ya ji shi, daga gidan aro a Sakkwato. Aka gama aski, aka shafe kan Abbati, kiran ya yanke. Malam Sha'aibu ya goge askar a hannun rigarsa duk da ba ta taɓa komai ba, ya mayar da ita zabira, ya tambaye ni ƙarfe nawa motar Kaura ke tashi.