Gurbin Baba da Na'urar Ɗan Boko

Shekarar da na ajiye aiki a ofishin ilimi na Bagudo, abokan da muka yi ritaya tare kowa ya yi abin hankali da kuɗin sallamarsa. Wani ya sayi injin casar shinkafa, wani ya ɗaure shanun noma. Ni kuwa na sayi jirgin ruwa na faiba, wato roba mai tauri, ɗan ƙarami mai inji a baya. Na gaya wa uwargida don shaƙatawa ne. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce duk zamanmu ba ta taɓa ganin na shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Ban yi musu ba, don gaskiya ta faɗa.

Abin kunyar shi ne ni ɗan masunta ne. Mahaifinmu a gulbin Kwara ya yi rayuwarsa, a wani ƙauye da ke dab da iyakar Benin. Mu biyu ne 'ya'yansa maza, ni da Yayana. Tun ina ƙarami aka gane ba ni da amfani a kwale-kwale: in an ba ni filafili sai jirgi ya yi ta juyawa wuri ɗaya, in an ba ni taru sai in kama ƙafata. Baba ya gaji ya kai ni makarantar boko, Yaya ya zauna da gulbi.

A wajenmu kowane gidan masunta yana da gurbinsa, wato wani wuri mai zurfi a cikin gulbi inda manyan kifaye ke kwanciya in ruwa ya ja baya. Ba a faɗinsa a tudu, ko da wasa. Uba yakan ɗauki ɗa ɗaya a kwale-kwale ya kai shi, ya nuna masa itatuwan gaɓa da ake daidaitawa da ido har a tsaya a kansa. Yaya aka nuna wa namu. Ni kuwa na sha cin giwan ruwan da ya fito daga gurbin nan, amma ban san inda yake ba, kuma abin ya yi shekara arba'in yana cina. Ga furfura, ga jikoki, ina nan ina jin haushin uban da ya daɗe a kabari.

Saboda haka da na sa mijin 'yata da ke Legas ya sayo mini na'urar nan mai allo, wadda rabinta ke nuna zurfin ruwa da kifi, rabi kuma taswira da inda jirgi yake, na gaya wa kowa don kiyaye haɗari ne. A cikina kuwa na san abin da nake nema. Na ce tunda ba a nuna mini ba, zan samo da ilimina.

Na kai jirgin mashigin ƙauyenmu, aka ja shi kan yashi. Na zauna da littafin bayanin na'urar, rubutunsa ƙanana kamar ƙwan tururuwa, na sa tabarau na yi ta karatu ina gyaɗa kai don masu kallo su san ana aiki. Aikin kashi uku ne: a kafa allon kusa da mazaunin mai tuƙi, a ja waya zuwa batir, sannan a ɗaura wani ɗan baƙin abu mai kamar guntun sabulu a bayan jirgi, daidai inda zai nutse a ruwa. Shi ne kunnen na'urar. Yana aika sauti ƙasa, ya saurari dawowarsa. Allon da wayar ba su ba ni wahala ba, in ka cire cewa na haɗa wayar batir baibai sau ɗaya har na ƙona fis. Kunnen ne ya ja magana, domin sai an huda jikin jirgi.

Na aro injin huda daga wajen kafinta. Ina ɗora bakinsa a jikin jirgin, Yaya da ke zaune kan turmi yana ɗinkin taru ya ɗago kai.

"Malam, mi kaka yi?" Malam yake kirana, kuma ba don girmamawa ba.

"Huda zan yi, Yaya. Guda biyu kawai."

"Mu tun da munka tashi toshe huda muka yi. Kai ka tai boko ka koyo hudawa."

Na yi masa bayani cikin haƙurin tsohon malamin makaranta, cewa akwai gam na musamman da ake cikawa kafin a ɗaure kusoshi. Na huda, na sa gam, na ɗaure, na ja baya na kalli aikina ina jin daɗi. Aka kira azahar, na tafi masallaci, daga nan na tsaya cin tuwon shinkafa a gidan gwaggonmu.

Da na dawo, warin kwalta ya tarbe ni tun daga nesa. Yaya ya narka kwalta a gwangwani, kamar yadda suke yi wa kowane kwale-kwale, ya cusa tsumma a gefen kusoshina, ya shafe wurin tas. Kunnen na'urar ma bai tsira ba. Ya lulluɓe shi har sai da ya zama curi, ya kuma gyara gefensa da wuƙa don ya yi kyau.

"Yanzu ko ɗigo ba ya shiga," in ji shi. "Ba sai ka gode ba."

Kwana biyu na yi a tsugune da tsumma da man gyaɗan uwargida, ina narkar da kwalta a hankali don kada in kankare kunnen. Masu wucewa suna yi mini sannu da aiki da irin muryar da ake gai da marar lafiya.

Amma da na'urar ta tashi, na rama. Kullum kafin in tura jirgi sai na kunna allon a mashigi, jama'a su taru, in yi musu lacca a kan tauraron ɗan'adam da yadda yake ganin jirgina daga sama. Ina nuna musu layin iyakar Benin da aka zana, su kuma suna mamakin yadda suka yi shekaru suna ƙetare shi ba su taɓa jin ya taɓa su ba. Har 'yar rumfa na sa aka ƙera wa allon. Gaskiya na ji daɗin kwanakin nan fiye da yadda ya kamaci dattijo.

Da ruwa ya ja baya bayan kaka, na gayyaci Yaya mu fita tare. Na yi zaton zai ƙi, sai ga shi da sassafe ya zo da mamarinsa, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi. Ya zauna a gaba ya ce mu yi sama, ta inda ruwa ke gangarowa. Na tayar da inji da sauri, don na san dai gurbin Baba ta can yake.

A hanya ya yi ta jefo mini tambayoyi. "Ka hangi tsamiya?" Na ce na hanga. "Giginya nawa ag ga bayanta?" Na ƙirga na faɗa. Na ɗauka jarrabawa yake yi mini, ni da na yi shekaru ina shirya wa wasu jarrabawa, sai na riƙa amsawa da ƙarfi ina ƙara bayani. Can ya ce in kashe inji. Ya jefa dutsen da muke ɗaure jirgi da shi, ya fara sakin mamari.

Na'urar tana da maɓallin da in ka latsa sai ta ajiye wurin da kake, amma tana yin 'yar ƙara. Na jira ya juya baya, na yi wani dogon tari na ƙarya, na latsa a cikinsa. Shi ke nan, na sace gurbin Baba. Sai dai da na dubi ɓangaren zurfi, mita biyu da rabi ta nuna. Ranar ƙurungu uku muka kama, dukansu ba su cika kwano ba.

Washegari na koma ni kaɗai, na bi allon har wurin. Na kewaya shi gaba da baya. Yashi ne shimfiɗe, ko ramin ƙaguwa babu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wato Yaya ya gane dabarata, ya kai ni fili ya yi mini wasa da hankali.

Na same shi a ƙofar gida na fara magana da zafi. Ina ambatar gurbi ya ɗaga hannu.

"Ba a tudu ba."

Muka shiga jirgi, na kai mu tsakiyar gulbi na kashe inji. A nan na sauke masa jawabin da na yi shekara arba'in ina shiryawa. Na ce ni ma ɗan Baba ne. Na ce boko ba ni na kai kaina ba. Na ce ko giwan ruwan da ya saba aiko mini da salla ya daina, ban dai yi magana ba ne. Ya bar ni na gama, ruwa yana ta jan mu a hankali.

"Ƙanena," ya ce, kuma rabon da ya kira ni haka na manta, "shekara biyu ke nan rabona da gurbin Baba. Ba ɓoye maka ni yi ba. Ban gane shi ba ne. Gaɓa duk hazo nika gani."

Na dubi idanunsa sosai, abin da ban taɓa tsayawa na yi ba. Yana kallon wajen muryata ne, ba fuskata ba. Ashe tambayoyin nan ba jarrabawa ba ce, aron idona yake yi ba tare da ya roƙa ba, ni kuma ina ta fankama. 'Ya'yansa maza biyu babu mai son gulbi, ɗaya yana acaba a bakin iyaka, ɗaya yana fataucin albasa. Bai gaya wa kowa ba, domin a mashiginmu masuncin da aka san ba ya gani ba a barinsa ya shiga ruwa. Rumfa ake zaunar da shi yana ɗinkin tarun wasu har ya mutu. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, sai na hau gyara wayar batir da ba abin da ya same ta.

"Bar taɓa abin nan ka saurara," in ji shi. "Baba cewa ya yi a nuna ma guda. Bai ce kar a ƙara ba in na hwarin ya kasa."

Ya faɗa mini alamomin. Tsamiyar tana ƙasarmu, giginyoyi biyu kuma can cikin Benin suke. Sai ka matsa har sun ɓuya a bayanta sun zama abu ɗaya. A ɗaya gaɓar kuma akwai jan gefe inda ƙasa ta zaftare, sai wata kuka ta hau kansa daidai. Jin sa da sauƙi. Amma ni tun da na sayi jirgin allo nake kallo, ban taɓa kallon gaɓa ba, kuma giginyoyin Benin ba su san ana neman biyu daga cikinsu ba. Muka yi ta kewaye har rana ta take. Layin da jirgin ya zana a taswira ya koma kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi.

Ina karanta masa zurfi da ƙarfi. Uku. Uku da rabi. Biyu. Shi kuma ya sa hannunsa cikin ruwa. Can na ga giginyoyin sun shige bayan tsamiya, na waiwaya na ga kuka tana hawa jan gefe. Kafin in buɗe baki ya ce, "Nan ne. Ruwan ya yi sanyi." Sannan na'urar tawa ta farga: tara, sha ɗaya, sha uku, ga wasu manyan alamomi kwance a ƙasa. Da kuɗinta da tauraronta, hannun Yaya ya riga ta.

"To, latsa abin naka," ya ce. "Wanga karo ba sai ka yi tari ba."

Na latsa. Idona ya cika, na gode Allah da ba ya ganina sosai.

Daga baya na kai shi asibiti a Birnin Kebbi. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire. Abin da ya tafi ya tafi, sai dai a riƙe sauran da magani. Muna dawowa ya ce kada in gaya wa kowa, na ce to.

Na cire 'yar rumfar nan. Na daina lacca a mashigi. Na'urar da na saya don a gan ni da ita, yanzu tsohon buhun shinkafa nake rufe ta da shi, in aka tambaya in ce kwaltar nan ce ta lalata ta daga baya, a yi mini dariya. Duk safiyar da za mu fita, Yaya yakan zauna a gaba da hularsa a karkace yana nuna hanya da hannu, mutanen mashigi suna cewa ga shi nan zai kai ɗan boko yawo. Ni kuma ina baya ina leƙa ƙarƙashin buhu. Wani lokaci yakan nuna hagu alhali hanya dama take. Sai in bi hagun kaɗan, har mu ɓace wa masu kallo, sannan in juya.