Kwikwiyon da Ya Sa Muka Koma Yin Bismillah a Zuci

Ni dai ban taɓa son kare ba, kuma ban ɓoye wa kowa ba. A gidan da na tashi, ko leƙowa kare ya yi sai an bi shi da dutse. To amma shekarar da ɓarayi suka dame mu da satar awaki a gidanmu na bayan gari a Birnin Kudu, maigidana ya ce ya gaji. Yana koyarwa ne a Gwaram, sai ƙarshen mako yake dawowa, ni da 'yan matana biyu kaɗai muke zama. Wata Asabar ya dawo daga wajen wani abokinsa makiyayi a Unguwar Ya da kwali ɗaure a bayan babur. Yana buɗewa sai ga kwikwiyo ja mai farin ƙirji, jikinsa na rawa, ya jiƙa kwalin sharkaf da fitsari.

Na ce, "Wa zai yi renonsa?"

Ya ce, "Yara mana."

Na san abin da "yara" ke nufi a bakin namiji. Ni ke nan.

Gidan na surukina ne, mahaifin maigidana, wanda ke zaune a Sara yana nomansa. Ba a dasa ko bishiya a gidan ba da saninsa ba, balle a kawo kare. Da aka kira shi a waya, ina gefe ina jin muryarsa. Ya ce karen gadi ba laifi ba ne, amma iyakarsa wurin awaki. Ranar da ya taka inda ake sallah, ko ya sa baki inda ake cin abinci, ranar zai bar gidan. Baba ba ya magana biyu, duk danginsu sun san haka.

Haka na fara reno ina mita. Da farko nono nake tsinka masa da ruwan ɗumi a wani tsohon kwanon sha da ya lotse, daga baya ya koma kunu, sannan ɗumamen tuwo da ɗan romo. Na shimfiɗa masa tsohon zanena a gefen turken awaki. Ni na cire masa kaska a kunne ina toshe hanci, ni na sa aka kai shi aka yi masa allurar haukan kare. Ranar da ya fara bin 'yan tsakina da gudu na ɗana masa tsintsiya a hanci, bai ƙara ba. Na koya masa in na ɗaga yatsa ya zauna, in na nuna tabarma na ce "kul" ya tsaya a bakinta. Yana da kai, wannan ba zan hana shi ba. Kullum da safe in na fito ba awaki dusa, yana manne da diddigena, har na daina korarsa. Ban san ranar da mitar ta ƙare ba. Na dai tsinci kaina ina ajiye masa ƙanzo.

Suna ne kawai bai samu ba. Babbar 'yata, wadda ke firamare, ta zaɓi ɗaya, autata 'yar shekara huɗu ta ce ita ba ta yarda ba, ubansu ya ce a bari sai ya dawo a yanke. Har ya yi wayo "kai" muke ce masa. Ashe shi ya riga ya zaɓi nasa.

Yarana a ƙarƙashin bishiyar mangwaro suke cin abincin rana, kuma tun suna ƙanana na hore su da yin Bismillah da ƙarfi, yadda zan ji daga madafa. Abin da ba na gani daga madafar shi ne, da zarar sun faɗa, auta takan gutsuri lomar farko ta cilla wa kwikwiyo. Kullum haka, ba fashi.

Wata maƙwabciyata ce ta buɗe min ido. Ta yi sallama da hantsi za ta ari turmi, na ce, "Bismillah, shigo mana." Ban rufe baki ba sai ga kwikwiyo a guje daga wurin awaki, kunnuwa a tsaye, ya zo ya zauna a gabana yana share ƙasa da jela. Matar ta riƙe haɓa tana dariya.

Ta ce, "Ikon Allah! Kamar sunansa kika kira."

Na yi yaƙe na ce yunwa ce ke damunsa. Amma gabana ya faɗi. Tana fita na rufe ƙofa, na mayar da shi wurin awaki, na koma bakin ɗaki na sake faɗa a hankali. Ya taho. Na sake gwadawa daga madafa. Ya taho. Na zauna a kan turmin da ta manta ba ta ɗauka ba.

Wanda bai san yadda magana ke yawo a unguwa ba zai ce abin dariya ne. Ni na sani. In ta fita daga gidan nan, ba wanda zai ce kwikwiyo ya saba da lokacin cin abinci. Cewa za a yi gidan malamin makaranta sun raɗa wa kare sunan Allah. Kuma tun kafin maganar ta zaga gari za ta isa Sara. Na dubi kwikwiyon yana kallona yana jiran lomarsa, na ji haushinsa, na ji tausayinsa, na rasa wanne ya fi.

Na shiga gyara. Da na gano abin da auta ke yi, na hana ta cilla masa komai. Na fara buga kwanonsa da ludayi duk lokacin da zan ba shi abinci, don ya san wannan ne kiransa. Cikin 'yan kwanaki ya gane. Ya riƙe sabon, bai saki tsohon ba. Na gwada faɗin kalmar in hana shi abinci, sai ya zo ya zauna ya yi ta jira har in gaji. Rannan raina ya ɓaci na zabga masa bulala, ya kwanta ya saki fitsari, auta ta yi kuka har da shiɗewa. Ban sake ba.

Da dabara ta ƙare min, sai na tara yaran na kafa doka: daga yau a zuci za a riƙa yi. Allah na ji ko ba a ɗaga murya ba. Baƙi kuwa na koma ce musu "ku ƙaraso" da "ga wuri." Da na gaya wa maigidana, dariya ya fara yi, da ya ga fuskata ya daina. Ya ce in ci gaba da hakan, in kare ya girma zai manta.

Ana cikin haka aka ce za a yi wa Baba aikin yanar ido a babban asibiti, kuma a wurinmu zai zauna har ya warke.

Ranar da zai iso na sayi sabuwar igiya na ɗaure kwikwiyo a can ƙuryar wurin awaki. Na gyara wa Baba ɗakin da ke kusa da zaure, wanda ya fi nisa da su. Bayan aikin ya dawo da ido ɗaya a naɗe da bandeji, ɗayan kuma dama dishi-dishi yake gani da shi. Na ce a raina, to, ko ba komai ba zai ga abin da ba a so ya gani ba. Ban yi tunanin kunnensa ba.

Kwanakin farko a ɗaki yake cin abinci. In na kai masa kwano na durƙusa na ajiye, sai in yi sauri in koma tsakar gida in kama daka, ko da abin dakawa ko babu, don ƙarar taɓarya ta danne muryarsa. Wani lokaci duk da haka sai in ji kwikwiyo yana ƙugi yana jan igiya. Baba ya taɓa tambayata, "'Yar nan, kullum sai an zo cin abinci kike daka?" Na ce aiki ne ya yi min yawa. Abinci ma ba ya shiga cikina sosai a kwanakin nan.

Wata Laraba aka yi zafi mai tsanani, hadari ya haɗu ya ƙi zubarwa. Maigidana yana Gwaram. Baba ya ce ɗakin ya ishe shi, a kai masa tabarma gindin mangwaro, kuma a kira masa amarensa su ci tare, haka yake tsokanar jikokinsa. Ba yadda zan yi. Na shimfiɗa, na kawo tuwon dawa da miyar kuka, na harari yaran harara mai ma'ana, na koma bakin madafa na tsaya da ludayi a hannu.

Baba ya yi tasa Bismillar ƙasa-ƙasa, irin ta wanda jikinsa bai gama dawowa ba. Na saurara. Shiru daga wurin awaki. Yaran suka motsa leɓe, suka sa hannu. Har na fara sakin numfashi sai na ga ya tsaya da loma a hannu.

Ya ce, "Ban ji komai ba."

Yaran suka waiwayo suka dube ni.

Ya ce, "Ina uwarku? Ke 'yar nan, zo."

Na zo na durƙusa a gefen tabarma. Ya mayar da lomar cikin kwano, ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina.

"Tun da na zo gidan nan nake saurare. Daga ɗaki ina jin ƙarar kwanonsu, ina jin faɗansu, ina jin dariyarsu. Ban taɓa jin ɗayarsu ta ambaci Allah kafin ta ci ba. Na ce ko kunnena ne. Yau ga su a gabana. Haka kike renon jikokina?"

Wallahi da marina ya yi da ya fi min sauƙi. Ni da na koya musu tun ba su iya riƙe cokali ba! In na yi bayani, kwikwiyo ya tafi. In na yi shiru, na zama uwar da 'ya'yanta ke cin abinci kamar awaki. Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a zanena.

Ya juya ga yaran, muryarsa ta dawo ta Baban da aka sani a gona. "Ku cire hannu. Ku ce Bismillah! Ku ɗaga murya in ji!"

Ba su ma kai ga faɗa ba. Na ji awaki sun watse, na ji wani kwano ya kife. Ashe kwikwiyo ya daɗe yana gwaguyar igiyar. Sai ga shi a guje da guntunta a wuya, ya nufo mu kai tsaye. Na ɗaga yatsa ban ma san na ɗaga ba. Ya ja birki a daidai bakin tabarma, ya zauna, yana haki, jelarsa na share ƙasa.

Ba wanda ya motsa. Hakinsa kawai ake ji.

Baba ya ce, "Karen ne?"

Na ce, "Shi ne, Baba."

"Wa ya kira shi?"

Bai jira amsata ba. Ya ce wa babbar ta mayar da shi. Ta ja shi da guntun igiyar har wurin awaki, ta sake shi, ta dawo. Baba ya jira kaɗan, sannan ya sake faɗin kalmar, ba da ƙarfi sosai ba. Kwikwiyo ya dawo ya zauna a inda ya tashi.

Auta ce ta yi magana. "Kaka, ba sunansa ba ne. Shi ma jira yake a ce, sannan ya ci. Ni nake ba shi. Umma ta ce mu riƙa yi a zuci don kada ka kore shi."

Baba ya shafa bandejin idonsa, ya yi ajiyar zuciya.

Ya ce, "Ya hau tabarma?"

Babbar ta yi saurin cewa, "Bai hau ba, Kaka. Ba ya hawa."

"To an yi masa tarbiyya." Ya juyo wajena. "Tashi, 'yar nan. Na ɗauki alhakinki, ki yafe min."

Na ji wani sanyi ya ratsa ni, har na fara murna. Sai ya ci gaba.

"Bai karya sharaɗina ba, kuma ba shi da laifi, dabba ce. Amma ba zan bar jikokina a gidan da suke tsoron ambaton Allah da ƙarfi ba. In zan koma Sara, da shi zan tafi. Akwai bukka a gonata, ba wanda zai taɓa shi, ba zai kwana da yunwa ba."

Auta ta faɗa jikinsa tana roƙo, ta ce ta daina zama amaryarsa in ya tafi da shi. Ya rungume ta, ya bar ta ta yi kukanta, amma bai canza ba. Ni ban roƙa ba. Na san gaskiya ya faɗa, kuma sanin hakan bai rage min zafin ba ko kaɗan.

Ranar da aka cire masa bandeji aka sallame shi, maigidana ya samo motar da za ta kai shi. Kwikwiyo ya fi ƙarfin kwali yanzu, sai a bayan motar aka ɗaure shi kusa da buhunan taki. Na ƙulle masa kwanonsa da tsohon zanena a leda, na ce wa Baba in an buga kwanon da ludayi yana zuwa. Baba ya ce ya ji. Da motar ta tashi ban fita ƙofar gida ba, na ce ina da wanki.

Da rana na shimfiɗa wa yaran tabarma a gindin mangwaro, na zauna tare da su, abin da ban saba ba. Muka wanke hannu. Suka dube ni, na gyaɗa kai. Babbar ta buɗe baki ta ce "Bismillah" da ƙarfi, yadda na koya musu tun farko.

Mu ukun muka juya wajen awaki a tare. Awakin na ta cin dusarsu. Da na waiwayo, auta na riƙe da lomar farko a hannu, miya na bin yatsunta, ta rasa inda za ta kai ta.