Ranar da Na Manta Shekarar Fara

Naira ta riga ta kori fam da sule, farin da ya cinye shanun Mashi ya wuce, sai aka ce babu sauran En'e, yanzu ƙaramar hukuma ce. Lokacin mu huɗu ke dafa abincin marasa lafiya a asibiti, kuma duk cikinmu ba mai takardar haihuwa.

Aka aiko mana wani jami'i daga ofishin ma'aikata, mai fara'a, wai ya zo jin damuwarmu don a tura mu kwas. Har da goro. Ni kuwa tunda nake ban taɓa ganin hukuma ta ba da goro a banza ba.

Ya fara da aminiyata, wadda muke tuƙa tuwo tare. "Inna, kin ga shekarar fara?"

"Ni kuwa na gan ta, ɗan nan! Ina da goyo ma."

Ta kwashe labari, yadda fara ta rufe rana, yadda suka soya ta. Yana dariya, yana "Allah, Inna?" Amma bai tambayi tukunyarmu da ta tsage ba, balle hayaƙin da ke cin idanunmu. Tambayarsa duk baya take komawa. Na ce a raina, wannan shekarunmu yake lissafi. Na taka mata ƙafa, ta ture ni.

Ya juyo kaina. "Ke fa, Inna? An ce duk Daura ba wadda ta kai ki labari."

Gaskiya aka faɗa masa. Labarin farar nan na fi aminiyata iya shi, ta ma tsallake yadda muka yi ta kaɗa ƙwarya a gonaki. Labarin yana bakina kamar garwashi. Amma marayu uku ke ci daga aikin nan.

Na ce, "Fara? Wadda ake sayarwa da yaji?"

"To, zuwan mota garin nan fa?"

"Buɗe ido na yi na gan ta, ranka ya daɗe."

Kafin kaka aka kira aminiyata ofis, wai ta tsufa da aiki, ta je ta huta. Kwas kuwa shiru kake ji. Ni na ƙara shekaru a bakin murhu, alhali ni ce gaba da ita.

Yanzu ta rasu, sauran biyun ma. Saura ni da jami'in. Yakan wuce masallaci da sandarsa, ya tsaya ya gaishe ni. Ina amsawa. Amma har yau bai ji labarin fara daga bakina ba.